Rabin Kabarin Hobart

Ƙanena Hobart ya rasu cikin watan Janairu, a kan kujerarsa, robar iska a hanci, talabijin na ta surutu shi kaɗai. Ban yi mamaki ba. Ƙurar kwal ta daɗe da mayar da huhunsa dutse, rana kawai ake jira. Na rufe masa ido, na kashe talabijin, na kira mai shirya jana'iza daga gari. Sai da na ajiye wayar tunanin kabari ya faɗo mini.

Mu 'yan gidan Sizemore a kan tudu ake binne mu, bayan tsohon gidan mahaifinmu. Iyayenmu suna can, matar Hobart tana can, an kuma bar masa wuri a gefenta tun ranar da aka sa ta. A da akwai hanyar mota har sama, ambaliya ta tafi da ita, ba a gyara ba. Mai jana'izar ya zo ya tsaya a gindin tudun da takalminsa mai sheƙi, ya ɗaga kai ya duba.

"Malama, injin haƙa ba zai hau nan ba. Akwati dai a ɗaura a babur mai ƙafa huɗu, a lallaɓa. Amma rami sai da hannu, ga ƙasa ta daskare da sanyi." Ya gyara murya. "Akwai wuri a maƙabartar gari. Tsaf-tsaf, har ciyawa ake yankewa."

"Na san wurin," na ce. "Tsakanin gidan mai da wurin wankin mota."

"To, ki yi shawara. Zan aiko da rumfa da hita mai ɗumama ƙasa, ko Allah zai sa a samu masu haƙa."

A kwarinmu dangi ba sa haƙa wa nasu. Maƙwabta ke haƙawa, ba a roƙonsu, ba a biyansu. Da an ji mutuwa, gari na wayewa za ka ga maza sun hau da diga da shebur, mata na biye da kofi da wake da burodin masara. Hobart kansa babu gidan da bai shiga raminsa ba a nan. Amma wannan lokacin da akwai maza ne. Ramukan kwal sun rufe, samari sun tafi jihar Ohio neman aiki, waɗanda ba su tafi ba ƙwaya ta kwashe rabinsu. Sauran da suka rage duk masu karɓa ne.

Haka muke faɗa. Ba a cewa wane ya nakasa, sai a ce wane yana karɓa, wato kuɗin nan da gwamnati ke ba wanda jikinsa ya ƙare kafin shekarun fansho su zo.

Tarihi na koyar a sakandaren gundumarmu har na yi ritaya, kuma abin da aikin ya bar mini guda ne: in na ji kowa ya yarda da magana, sai in tambayi wa ya gani. Mutanen birni sun yarda cewa mazanmu malalata ne masu cin kuɗin gwamnati a kwance. Wannan ƙarya ce, don ina jin tarinsu ta bango. Mu kuma abin da muka yarda da shi farar mota ce. Kowa ya san gwamnati na turo mutum cikin farar mota mai baƙin gilashi, ya tsaya daga nesa ya ɗauki hotonka kana aiki, wata ya ƙare ka je banki ka tarar wayam. Kowa ya san mutumin da aka yi wa haka a gundumar da ke kusa da mu. Wani ya ce a kan rufin gida aka kama shi, wani ya ce barewa yake ja daga daji, wani ya ce buhun abincin kare ya saɓa. Na yi shekaru ina tambayar sunan mutumin nan, ba wanda ya taɓa ba ni.

Ban ce ba a taɓa yanke wa kowa ba. Ana sake duba mutum bayan 'yan shekaru a ga ko ya warke, kuma maƙiyi na iya ɗaga waya ya kai ƙara. Amma na zauna na karanta dokar da kaina, ban ga inda aka ce mai karɓa ya zama gunki ba. Sai dai wanda ya sha wuya kafin ya samu, ba da karatu yake auna abin ba.

Da yamma gida ya cika da kwanukan abinci da masu ta'aziyya. Da aka watse, uku daga tsofaffin ɗalibaina suka rage a kicin. Akwai Dorsey, mai jan tulun iskarsa a kan 'yar taya duk inda za shi. Akwai Arvil, mai ƙarfe a gwiwa da ciwon zuciya. Sai Verlin Tackett, wanda ba ya zama sai dai ya jingina da bango, don bayansa ba ya shiri da kujera. Matarsa Glenna tana wanke mini kofuna.

"Wa ke da diga mai kyau?" in ji Verlin, kamar mai tambayar gishiri.

Glenna ta kashe famfo.

"Tawa tana nan," in ji Arvil. "Sai dai ta manta ni. Ran nan na wuce ta, ko gaisuwa."

"Ai kai ko da kana da lafiya ba ku saba ba," in ji Dorsey. "Duk zamanmu a rami ɗaya ban taɓa ganin gumi a goshinka ba."

"Ji sarkin tari. Kai da in ka ɗaga cokali sai ka huta."

Dorsey ya yi dariya, dariyar ta koma tari, muka jira ya gama.

"Verlin," in ji Glenna, ba ta juyo ba, "wata mai zuwa za su sake duba ka."

"Na sani."

"Ka sani. To ka san da me muke biyan wuta, da me muke cin abinci, da me ake sayen maganin da ke tayar da kai daga gado. Ko ka manta yadda muka yi kafin a ba ka? Sau biyu suna maido mu. Motarka ta tafi, bindigogin babanka sun tafi. Ina zaune a bayanka kana gaya wa alƙali ba ka iya ɗaure igiyar takalminka."

"Ai ba ƙarya na yi ba."

"Ban ce ƙarya ka yi ba. Hoto ba zai nuna kwanakin da za ka yi a kwance bayan an ɗauke shi ba. Kai zai nuna, da shebur."

Duk wanda ke kicin ɗin ya san abin da ba a faɗa ba. Ranar da rufin ramin kwal ya rufto wa Verlin, umarni aka bayar kowa ya fita, don dutsen bai gama motsi ba. Hobart ne shugaban ayarinsu. Ya fitar da sauran, ya koma shi kaɗai, ya yi ta tonon dutse da hannu har faratansa suka fita, ya jawo Verlin ta wuyan riga.

"Shi ya tono ni," in ji Verlin. "Ni zan tona masa. Ba za a kai Kawu Hobart bakin wankin mota ba ina da rai."

Na ce, "Verlin, ni ban roƙe ka ba. Hobart ya tafi, ba ruwansa da inda aka kwantar da shi. Kai kuwa baya ɗaya gare ka, shi ma da faci."

"Malama, ai ba a roƙo. Ke ma kin sani."

"To in za ku yi, ku yi a fili kamar mutane. Ba wanda zai zo ya zauna cikin sanyin nan don ya ɗauki hoton tsofaffi uku."

"Malama, kin san littafi," in ji Arvil, "amma ba ki san gwamnati ba."

"Ni na koya maka yadda aka kafa ta, ka faɗi jarrabawar."

Suka yi dariya, ban da Glenna. Ta goge hannu, ta ninke tsumman ta ajiye, ta ɗauki rigar sanyinta.

"In an yanke, Malama, gidanki za mu tare. Ki share mana ɗaki."

Washegari Arvil ya hau da ni a bayan baburinsa, ina rungume da flas ɗin kofi da tukunyar wake. Yaran mai jana'iza sun riga sun kafa rumfar, koriya, mai labulen tamfol a kowane gefe, an naɗe su sama. Hitar doguwa ce ta kananzir, mai hura zafi da ƙugi. Suka juya bakinta ga ƙasa, in wuri ya saki su haƙa, su matsar da ita gaba. Dorsey ba shi da damar kusantar wuta saboda kada tulun iskarsa ya kama da wuta, don haka aka ba shi gadi. Ya zauna a kan dutsen kabarin mahaifinmu, ya nemi gafararsa da babbar murya, ya sa wa titin da ke ƙasa ido.

Zan faɗi abin da na gani, ko da bai dace da ranar makoki ba. Verlin farin ciki yake yi. Ya ja igiya ya fitar da layi, ya daidaita kusurwa, ya tofa yawu a tafinsa ya kama diga. In ya sara sau kaɗan sai ya tsaya ya riƙe ƙugu, leɓensa ya yi fari, sannan ya koma. Amma yana 'yar waƙar coci a ƙasan maƙoshi, yana tsokanar Arvil cewa shebur ɗinsa cokalin shayi ne. Tun kafin haɗarin rabona da ganin fuskarsa haka. Don mutum ya samu kuɗin nan, sai ya tsaya gaban alƙali ya rantse cewa ba ya moruwa, bayan nan kuma sai ya zauna yadda ya rantse. Verlin ya daɗe a irin wannan zaman.

Rana ta kusa tsaka, ramin ya kai masa ƙugu, sai Dorsey ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Verlin. Farar mota a kwana."

Muka leƙa. Can ƙasa, inda titi ya karya kwana kafin gada, farar mota ce tsaye, baƙin gilashi, hayaƙi na fita daga bayanta. Ba ta wuce ba, ba kuma wanda ya fito.

Arvil ya saki shebur kamar ya ƙone shi. "Na gaya muku. Wallahi na gaya muku."

"Wani ne ya kai ƙara," in ji Dorsey. "Na san ko waye, kuma zai ji daga gare ni."

"Kai da wane numfashin?" in ji Verlin. Amma fuskar nan ta ɗazu ta tafi. Ya dubi ramin, ya dubi motar. "Saura kaɗan. Arvil, sauke labulen."

Suka sauke duka huɗun, suka bi gindin tamfol da duwatsu don kada iska ta ɗaga. Hitar na ciki tana ƙugi.

Na ce, "In za ku rufe, ku kashe wannan abin."

Muryar Verlin ta fito daga ciki. "In an kashe, ƙasa ta koma ƙarfe, Malama. Akwai 'yar kafa a sama. Mu da muka tsufa a ƙarƙashin ƙasa, ai mun san muguwar iska in mun ji ta."

"A rami na'ura ke jin ta, ba hancinku ba."

Ƙarar diga ce ta amsa mini. Na san mazan nan tun suna da majina a hanci, na kuma san ba za su ɗaga labulen ba muddin motar na nan. Hanya mafi sauri ita ce a je a ga waye a ciki. Na ɗauki sandata.

"Malama, ina za ki?" in ji Dorsey.

"Zan je in gaida gwamnati."

"Don Allah kada ki ja mana."

Saukar ta ci ni. Ƙanƙara ta kama duwatsu, ga gwiwoyina ba na jiya ba ne, sai na riƙa bin itatuwa ina kamawa. Da na isa titi na tsallaka na ƙwanƙwasa gilashin da kan sanda.

Gilashin ya sauka. Yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, da rigar asibiti a ƙarƙashin ta sanyi, burodi a baki, waya a jingine da sitiyari.

"Mama, lafiya?"

"Ke ce gwamnati?"

Ta kusa ƙwarewa. Ta ce sunanta Shawna, nas ce mai bin marasa lafiya gida-gida, daga wanke wa wata tsohuwa ciwon ƙafa take a can ƙarshen kwari. Motar ta wurin aikinsu ce. A duk kwarin nan, kwanar nan ce kaɗai waya ke kamawa, shi ya sa take tsayawa ta tura rahoto ta ci abinci.

"Ni na rasa me na yi wa mutanen nan," ta ce. "Da sun hango ni sai su shige gida. Ran nan wani tsoho yana share baranda, ya wurgar da tsintsiya ya kama ɗingishi."

Na nuna mata rumfar a kan tudu, na gaya mata abin da ake yi a ciki, da dalilin rufewa. Ina jiran ta yi dariya. Sai na ga ta daina tauna.

"Hitar kananzir? A rufe? Tun yaushe?"

"Tun kafin in fara saukowa."

Ta jawo baƙar jakarta daga kujerar baya, ta bar motar a buɗe, ta kama tudun da gudu, katin aikinta na lilo a wuya. Na bi ta da ƙafata ta tsufa. Ina ɗaga murya ina kiran Dorsey in gaya masa nas ce, iska na maido mini da muryata.

Abin da ya faru a sama kafin in isa, Dorsey ne ya ba ni labari daga baya, yana kuka. Arvil ya yi magana daga ciki, ya ce kansa na sarawa, zai fito ya sha iska. A daidai lokacin Dorsey ya hango mace ta fito daga farar mota, da baƙar jaka da kati a wuya, tana hawowa a guje. Ya sa baki a jikin tamfol ya ce, "Ga ta nan tafe, da jaka. Kada wanda ya motsa, kada wanda ya yi tari." Suka bi maganarsa.

Da na iso ina haki, na tarar ya tare mata hanya da tulunsa.

"Ba kowa a ciki, 'yar nan. Dangi ne ke addu'a."

"Baba, matsa mini."

"Wurin nan na iyali ne. Kina da takardar shiga?"

"Dorsey," na ce, da ɗan numfashin da ya rage mini, "nas ce. Ba ka ji diga ta yi shiru ba?"

Ya saurara. Hita kaɗai ke ƙugi.

Yarinyar ta ture duwatsun da ƙafa ta yaye tamfol. Arvil na kwance a kan tulin ƙasa, ya yi amai a rigarsa, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Verlin na zaune a ƙasan ramin, ya jingina da bango, shebur a kan cinyarsa, kai a sunkuye kamar mai gyangyaɗi. Kumatunsa sun yi jajir. Tun da na san shi bai taɓa kama da mai lafiya irin na ranar ba.

Ta kashe hitar, ta ce in yaye sauran labulen, ta jawo Arvil waje ta ƙafa, ta dira cikin ramin. Ta taɓa wuyan Verlin, ta kwantar da shi, ta hau danna masa ƙirji. Can ta ɗago kai.

"Baba, ba ni iskarka."

Dorsey bai yi gardama ba. Ya cire robar daga hancinsa ya miƙa mata tulun, ya zauna a ƙasa yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

Sai kiran motar asibiti, waya kuwa ba ta kamawa sai a kwana. Yarinyar ba ta da halin barin Verlin, ni kuma kafin in sake sauka rana ta faɗi. Arvil ya fara dawowa hayyacinsa, ya tashi yana tangaɗi. Na damƙa masa wayata.

"Hau babur ka je kwana. Ka ce mutum ba ya numfashi."

"To, Malama."

Ya nufi babur, sai ya tsaya. Ya dawo ya ɗauki diga, ya ɗauki shebur ɗinsa, ya durƙusa a bakin rami ya ce wa yarinyar ta miƙo masa na Verlin.

"Arvil, waya."

"Yanzu, Malama. Za su zo da 'yan sanda."

Ya ja kayan har bayan maƙabarta ya cusa su cikin ƙaya, ya tura ganye a kai da ƙafa, sannan ya hau babur. Ina tsaye ina kallonsa. Ba mugu ba ne. Yana son Verlin kamar ɗan'uwansa, kuma a ganinsa taimakonsa yake yi.

Motar asibiti daga gari take zuwa, garin kuma ba kusa ba. Da suka iso suka hau a ƙafa da gadon ɗaukar mara lafiya, yarinyar ta riga ta dawo da bugun zuciyar Verlin. Suka tambayi me yake yi a cikin ramin.

"Faɗawa ya yi," in ji Dorsey. "Ya zo ta'aziyya, santsi ya kwashe shi."

Suka dubi ƙasar da ke hannun Verlin har gwiwar hannu, suka ɗora shi a kan gadon. Suka ce Arvil ma ya shiga mota a duba shi. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, wucewa ya zo yi, ya tafi gida ya kulle ƙofa.

Aka binne Hobart a maƙabartar gari. Injin ya gama ramin kafin in gama shan kofi. Fasto na addu'a, muna jin ƙarar ruwa daga wurin wankin mota. Glenna ba ta zo ba, tana babban asibiti a Lexington, a bakin gadon mijinta.

Wasu sun ce da ban sauka na tono yarinyar ba, da Arvil ya fito, da an ɗaga labule. Wasu sun ce da ban sauka ba, da gawa biyu aka tarar. Na auna duka biyun, ban ga wanda ya san abin da yake faɗa ba. Abin da na sani shi ne, kafin ƙanƙara ta narke, labarin ya gama zagaya gunduma. Ina layin biyan kuɗi a kanti wata mata ta juyo ta ce mini, "Kin ji abin da farar mota ta yi wa Verlin Tackett? Har kan tudu matar gwamnati ta bi shi." Na ce mata ina wurin, nas ce, ita ce ma ta ceci ransa. Ta yi mini kallon tausayi ta ce, "Ai haka suke shigowa." Shekarun nan da na yi ina neman sunan mutumin da ke cikin labarin, yau ga shi an samu.

Verlin ya farka. Yana tafiya in an riƙe shi, yana ci in an sa masa cokali a hannu. Sunaye ne suka tafi, da yawancin magana. Da bazara ta shigo na je gidansu, na tarar Glenna ta fito da shi baranda. A zaune yake a kujera, shi da ba ya zama. Ko bayansa ya daina ciwo ne, ko faɗar ce ba ya iyawa, ba wanda ya sani.

"Verlin, ga Malama," in ji Glenna.

Ya dube ni da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

Na zauna. Ba ta ba ni kofi ba, ban kuma sa rai ba. Muka yi maganar ruwan sama, da tsadar kananzir. Ta tambaye ni ramin, na ce yana nan yadda suka bar shi, ya cika da ruwa da ganye. Ba wanda ya hau ya cike shi, don cikewar ma da shebur ake yi.

"An sake duba shi?" na tambaya.

"An duba. Ba mu daɗe ba. Likitan ya tambaye shi sunansa, ya juyo ya dube ni. Ya tambaye shi wace shekara ake ciki, ya sake dubana. Sai likitan ya rufe biro." Ta gyara masa bargo a gwiwa. "Sun ce ba za su sake nemanmu nan kusa ba. Kuɗi na shigowa a kan lokaci, Malama. Ba sai kin share ɗaki ba."

Igiyar takalminsa ta kwance. Ta durƙusa ta ɗaure, ta ja ɗayar ma ta sake ɗaurewa, ba ta ɗago da wuri ba.

Sai ga farar motar ta hawo daga gada. Shawna ce, ita aka ba aikin duba shi a gida. Verlin ya ga motar ya ɗaga hannu yana murmushi. A ƙetaren rafi Arvil na tafe daga bayan gidansa da itacen wuta a rungume. Ya hango ta, ya zubar da itacen a inda yake, ya shige gida ya ja ƙofa.